Kafin Ku Zaɓi Asibitin Dashen Ƙwai a Legas

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga 'yata Kyauta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Ubangiji. Allah ya kiyaye muku hanyar da za ku bi, ya sauke ku a hannun mutanen kirki, ya dawo mana da ku lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali daga nan zuwa gidanku a Gyallesu tasi ɗaya ce. Ranar da kika zo mana sallama, kin zauna a bakin gadona kina ta murɗa gefen mayafinki, kika ce za ku Legas ku duba asibitoci biyu masu yin dashen ƙwai, ku zaɓi ɗaya. Na ce Allah ya sa a dace, na tashi na tafi duba tukunya. Kada ki ɗauka ba ni da abin cewa ne. Ke ce 'yar fari, kuma kin san yadda aka rene mu. Bakina ba zai iya wannan magana a gabanki ba, amma hannuna zai iya, tunda shekarun da na yi ina koyarwa sun saba masa da alƙalami.

Takardun asibitocin nan biyu da kika manta a kan kujera, na sa tabarau na karanta su tas, har na maimaita. Da na ga wasu wuraren sun fi ƙarfina, sai na yafa mayafi na tafi Ƙofar Galadima wurin Sista Laraba, tsohuwar ungozomar asibiti wadda muka yi makarantar kwana tare. Ban ce mata ke ce ba. Na ce a rediyo na ji ana maganar jaririn kwalba, abin ya tsaya mini a rai, na zo ta warware mini. Na tambaye ta wace irin kwalba ce za ta ɗauki yaro har wata tara, kuma ta ina ake ba shi abinci. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce babu wata kwalba. Allurai ake yi wa mace har ƙwayayenta su nuna da yawa, a ciro su, a haɗa da ruwan mijinta a cikin ɗan faranti, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana kaɗan, sannan a mayar cikin mahaifarta. Daga nan ciki ne irin na kowa, da laulayinsa da naƙudarsa. Ta ce amfaninsa ga mace irin wadda hanyoyin ƙwanta suka toshe, kamar yadda aka ce naki sun yi, shi ne an zagaye toshewar.

Na dawo gida ina ta juya abin. Wai a ce farkon mutum yana kwance a faranti, wani yana leƙa shi. Ban ji tsoro ba, Kyauta, mamaki na ji, irin wanda na ji ranar da aka fara kunna mana talabijin a unguwar nan. Sai dai mamakin bai hana ni tuna tawa wahalar ba. Kin san an daɗe kafin a same ki, sunanki ma ya gaya miki, amma ba ki san yawon da na yi ba. Ga shi nan, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Da aurena ya yi shekaru babu ko ɓatan wata, Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ni zuwa wani ƙauye a hanyar Soba, wurin wani mai magani da ake ta ba da labarinsa. Mata ne cike a ƙofar gidansa, wasu da tabarminsu. Da layi ya zo kaina, bai tambaye ni komai ba, ko shekarun aurena. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce kafin a yi girbin baɗi zan goya. Yadda ya faɗe ta babu ko shakka shi ya sa na yarda. Ya ba ni saiwoyi na jiƙa, na yi ta sha da ɗacinsu, cikina ya ɓaci har na yi kwanaki ban je makaranta ba. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya fi ciwo shi ne a hanyarmu ta dawowa na tsaya kasuwa na sayi zanen goyo, na ɓoye a ƙasan akwati. Aka yi girbi, aka sake yin wani, zanen yana nan. Duk lokacin da na buɗe akwatin sai na zauna na yi kuka.

Shi ya sa nake cewa ki saurari yadda kowane likita zai yi miki magana a kan nasara. Ɗaya daga cikin takardun nan cike take da hotunan jarirai, kowane shafi ana dariya, ban ga inda suka ce abin yana iya ƙin yi ba. Ɗayar kuwa ta faɗa a fili cewa sau da yawa dashen ba ya kamawa a karon farko. Sista Laraba ma ta ce haka ne, waɗanda suke komawa gida hannu wofi ba kaɗan ba ne. Ban ce masu hotuna maƙaryata ne ba, wataƙila mai buga musu takarda ne ya so ado. Amma ki tambaye su baki da baki: a cikin matan da suka zo muku masu shekaruna da irin matsalata, nawa suka haihu? Ki ce haihuwa kike tambaya, ba ɗaukar ciki ba. Idan mutum ya yi murmushi ya ce miki kada ki damu, ai an gama, ki gode masa ki tashi. Wanda ya zauna ya gaya miki abin da ba kya son ji, shi za ki ƙara wa lokaci.

Bayan mai saiwoyi na tafi asibiti. Likitar mata ce 'yar Indiya, mace mai kirki, amma Turancinta gudu yake yi, kuma a kan wata murya da kunnena bai saba da ita ba. Ta ba ni ƙwayoyi ta ce in sha a wasu kwanaki na wata, ta ba ni ma'aunin zafin jiki in riƙa sawa a baki kowace safiya. Ta yi bayani mai tsawo, ta tambaye ni ko na gane. An rubuta a katina cewa ni malamar makaranta ce, kuma ga nas tsaye, wadda na koyar da ƙanwarta. Sai na ce na gane. Ban gane ba. Ban san daga wace rana zan fara ƙirga ba, ko daga zuwan al'ada ko daga ɗaukewarta. Na zaɓi ɗaya da ka, ashe ɗayar ce. Da na koma ta duba abin da na rubuta, ta riƙe kai, ta ce watannin nan duk sun tafi a banza. Ta ce me ya hana ni tambaya.

Ke kin fi ni karatu, kin yi jami'a, kuma wannan ne ya sa nake jiye miki. Mai ilimi ya fi kowa jin nauyin cewa bai gane ba. Ki ce su maimaita. Ki ce su zana miki a takarda. Ki tambayi sunan kowace allura da abin da za ta yi a jikinki, domin Sista ta ce alluran nan wani lokaci suna kumbura wa mace ciki har a kwantar da ita, kuma dole ki san wa za ki nema idan hakan ta faru ranar da likita ba ya nan. Ki tambaya ƙwai nawa za su mayar miki, tunda ta ce idan aka mayar da yawa ana iya samun 'yan uku ko fiye, jiki kuma ba kowane yake ɗauka ba. Ki kuma lura da fuskar likita a tambaya ta biyar ko ta shida. Idan ya fara duba agogo tun ba ku ba shi jikinki ba, to ranar da kike kwance ba zai tsaya ba.

Yanzu ga abin da na fi daɗewa ina tunanin yadda zan rubuta. Babanki ya san ina rubuta shi, shi ya ce in rubuta.

Likitar nan ta ce ba za ta ci gaba da ba ni magani ba sai ta ga mijina, a auna shi shi ma. A lokacinmu ba a taɓa jin an ce namiji ya je a duba shi a kan haihuwa ba. Na tabbata idan na faɗa masa zai ji na wulaƙanta shi. Sai na yi shiru. Na daina zuwa asibitin, na ce masa maganin ne ya ƙare. Damina ta wuce, rani ya shigo, ina ɗauke da maganar. Kullum in na kai masa abinci sai in ce yau zan faɗa, sai in tsinci kaina ina yi masa zancen tsadar gero.

Ranar da na faɗa, ya dawo daga ofis ne yana cire takalmi a ƙofar ɗaki. Na tsaya a bayansa don kada mu haɗa ido, na zubo maganar gaba ɗaya kamar mai karanta hadda. Ya juyo da takalmi ɗaya a hannu. Sannan ya ce, “Wace rana suke ganin maza?”

Na ce ban sani ba, ban tambaya ba.

Ya ce, “To gobe mu je mu tambaya. Ni ma na daɗe ina tunanin ko daga wurina ne, na rasa yadda zan ce miki.”

Ashe duk watannin da na yi ina tsoronsa, shi ma yana can yana jin nauyina. Muka je. Aka auna shi aka ce yana ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, tun ta wankan kududdufi da ya yi yana yaro, ta zauna masa a jiki bai sani ba. Aka yi masa magani mai wahala, ya rame, ya warware. Ni ma na koma kan ƙwayoyina, wannan karon da ƙirga daidai. Ba a jima sosai ba na fara jin ƙamshin daddawa yana tayar mini da zuciya, sai ga ki. Har yau ban san wanne ne ya yi aiki ba, nasa ko nawa, ko kuwa lokaci ne kawai ya yi. Likitar ma ta ce ba ta sani ba. Allah ne ya sani.

Ban kawo wannan don in ce maigidanki yana da wata matsala ba. Mutumin da ya nemi hutu a wurin aiki ya ɗauki matarsa zuwa Legas ya riga ya nuna halinsa. Abin da nake nufi, ki duba asibitin da ke ɗaukar ku a matsayin mutum biyu. Idan suka ba shi kujera a waje suka shiga da ke kaɗai, ko kuma suka yi ta magana da shi kamar ke ba kya wurin, duka biyun ba su yi ba. Kuma kada ki yanke masa hukunci a zuciyarki a kan abin da ba ki tambaye shi ba. Idan allura ta gajiyar da ke, ki faɗa masa. Idan kin ji ba za ki iya karo na biyu ba, ki faɗa masa. Gara ma ku zauna tun yanzu, kafin ku shiga mota, ku yi shawarar inda za ku tsaya idan abin bai yi ba, domin mai nema ba ya ganin lokacin tsayawa in yana tsakiyar nema. Ni na sani.

Babanki kuwa tunda na ba shi labarin faranti bai huta ba. Ya tafi wurin limamin unguwa bayan la'asar, shi ma bai ambaci suna ba. Liman ya ce abin da ya sani daga malamai shi ne, idan ƙwan na matar ne, ruwan na mijinta ne, aurensu yana nan, kuma cikinta za a mayar, to magani ne kamar kowane magani. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a shigo da na wani ko na wata. Da babanki ya tambaye shi ƙwayayen da suka rage ba a mayar ba fa, yaya za a yi da su, sai liman ya ce wannan bai sani ba, zai bincika. Babanki ya dawo yana yabonsa, ya ce ya fi yarda da amsar farko saboda ta biyun.

To wannan ita ce tambayar da ba za ki bari kunya ta hana ki ba. Ki ce su nuna miki yadda suke sa wa kowane faranti alama, wa yake rubutawa, wa yake dubawa bayansa, kuma mata nawa ake yi wa aiki a rana ɗaya. Ki ce musu a fili, a gaban maigidanki, ba ku yarda a haɗa muku da na kowa ba ko da naku bai yi kyau ba, kuma a rubuta hakan ku sa hannu. Wataƙila a wurinsu taimako ne su cike wa mutum da na wani, a wurinmu kuwa zuri'a ce. Ki tambaye su abin da suke yi da ragowar, ki zo da amsar mu kai wa liman.

Akwai kuma tambayar babanki ta kansa, ya ce lallai in saka. Kin tuna injin ƙyanƙyasar kaji da ya saya bayan ya yi ritaya, wanda aka ɗauke wuta kwana biyu ƙwayayen suka lalace gaba ɗaya, gidan nan ya yi ta wari? Ya ce ki tambaye su, idan an ɗauke wuta, akwatin ɗumin da suke ajiye farantan me yake faruwa da shi. Suna da janareta? Nasu ne ko na masu ginin da suke ciki? Wa yake tayar da shi, kuma idan ya ƙi tashi fa? Na yi masa dariya na ce yana haɗa jikokinsa da kaji. Ya ce ɗumi dai ɗumi ne. Da na sake tunani sai na ga ya fi ni gaskiya. Ki ce ma su kai ki ki ga janaretan da idonki.

Idan kun shiga kowane asibiti, kada ki tsaya kallon labule da kujeru. Ki zauna a ɗakin jira ki yi hira da matan da ke wurin, musamman wadda ta dawo karo na biyu. Ita ce ta san yadda aka gaya mata cewa na farko bai kama ba, ko likita ne ya zaunar da ita, ko kuwa takarda aka miƙo mata ta taga. Ki tambaye ta me ya sa ta dawo nan ba ta sauya wuri ba. A wurin mai saiwoyi da na tambayi matan da ke kan tabarmi zuwansu na nawa ke nan, da ban sha ɗacin nan ba.

Mutane za su yi magana idan sun ji, wasu za su ce an yi wa Allah shisshigi. Ba sai kin yi shela ba, ba kuma sai kin yi ƙarya ba. Ki bar wa maigidanki ya sanar da mahaifiyarsa da bakinsa, sauran kuma ku ce kun je ganin likita, gaskiya ce. Kuma ki riƙe wannan: idan kun je kun duba duka biyun hankalinki bai kwanta da ko ɗaya ba, ku dawo. Ba wanda zai ce kun yi tafiyar banza. Idan kuma an yi bai kama ba, ki sauka nan gidan kafin ki wuce Gyallesu, ki kwana biyu a ɗakina. Ba zan yi miki tambaya ba. Darajarki a wurinmu ba ta jiran sakamakon wani asibiti.

Saura roƙo ɗaya, nawa ne, ba shawara ba ce. Sista Laraba ta ce kafin a mayar da ƙwan, wasu likitoci suna barin mace ta leƙa shi a madubin nan nasu mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Idan sun yarda, ki leƙa, ki duba da kyau, kada ki yi sauri. Ni na ɗauki ciki na haihu ban taɓa sanin yadda farkon abin yake ba, haka uwata, haka kakata. Ke ce ta farko a zuri'armu da za ta gani. Ki dubo mini ko zagaye yake, ko yana da launi, ko yana motsi. Ki yi masa bismillah a wurin, ki ce masa kakarsa tana gaishe shi. Ko ya zauna ko bai zauna ba, ina son ki zo ki ba ni labarinsa, kuma ranar ba zan tashi duba tukunya ba.

Allah ya sa ku fita a sa'a, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. Allah ya haɗa ku da likita mai tsoronsa, ya sa albarka a hannunsa. Allah ya ba ku zuri'a ta gari idan ita ce alheri gare ku, ya ba ku zuciyar karɓar abin da ya zaɓa muku. Babanki yana sa muku albarka. Ki gaida maigidanki da kyau, ki ba shi ya karanta idan kin ga dama.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajiya Rakiya.